Rubutun Cikin Ambulan

Ban taɓa mantawa da ranar da Alhaji Mamman na Daudawa ya shigo kotunmu ta Faskari da takarda a hannu ba, kuma ba na jin zan manta har a kai ni makwancina. Ranar Talata ce, da kaka, ana cirar auduga, shekara biyu bayan an canza kuɗi daga fam zuwa naira.

Ku 'yan baya, bari in faɗa maku yadda muke a lokacin. Alƙali ne a sama. Sai muhuti, shi ke rubuta abin da aka faɗa, ya karanta abin da aka kawo. Sai masinja, sai ɗan doka a bakin ƙofa. Ni ce ta ƙarshe, jakadiya. Ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba. Aikina ƙafa ne da kunne: inda namiji ba ya shiga, ni nake shiga, in ji ta bakin matar kulle, in sa ta dangwala yatsa a takarda, in kawo wa Alƙali magana yadda aka ba ni ita.

To, Alhaji Mamman yana da ɗa, Malam Lawal, malamin gona. Zamanin nan kuɗin mai sun shigo, gwamnati na ta tura samari karatu, aka tura shi Ingila. Ya bar matarsa Habi da ciki wata huɗu. Ga shi shekara uku ta wuce, an ƙara mashi wasu biyu, ya aiko a kai mashi iyalinsa. Fasfo ya fito. Saura biza, wato izinin shiga ƙasar mutane, ita kuwa ofishinsu na Kaduna ba ya ba da ita sai ya gamsu cewa matar nan matarsa ce.

Malam Muhuti ya karanta takardar, ya ce abu uku suke so: takardar aure, hoton miji da mata tare, da wasiƙun da ya rubuto mata.

Alhaji ya ce, "Hoto? Tare? A gidana? Allah ya gafarta Malam, duk Daudawa ta ci goron auren nan. Su zo su tambayi gari mana."

Alƙali ya ce, "Alhaji, gari ba ya shiga jakar takardu."

Takardar aure ba ta ba mu wuya ba, sai dai tafiya. Masinja ya bi motar kasuwa zuwa Sabuwa, kwana biyu saboda hanya, ya zo da baffan Habi wanda ya ba da aurenta, da limamin da ya ɗaura. Suka yi rantsuwa, aka rubuta, aka buga hatimi. Hoto kuwa babu shi, ba kuma za a ƙirƙiro shi ba. Saura wasiƙu.

Alhaji ya kwance ƙunshi, cike da alfahari. Malam Muhuti ya bi su ɗaya bayan ɗaya tun hantsi har azahar. Lawal ya gaida Baba, ya gaida Hajiya, ya gaida liman, ya tambayi dawa, ya tambayi bijimin noma ko ƙafarsa ta warke. Matarsa fa? A ƙarshen kowace wasiƙa, "a gaida mutanen gida." Shi ke nan.

Muhuti ya cire tabarau ya ce, "Allah ya gafarta Malam, da bijimin ne ke neman biza, da yau mun gama."

Alhaji bai yi dariya ba. Ya ce, "To da me zai ce? Ɗa mai tarbiyya ya ambaci matarsa gaban ubansa?"

Gaskiyarsa ce, mu duka mun sani. Amma ranar da aka sa masu a Kaduna saura kwana tara, wasiƙa kuwa ba ta zuwa Ingila ta dawo a kwana tara. Alƙali ya dube ni ya ce, "Jakadiya, gobe ku tafi da Muhuti. Ki ji ta bakin yarinyar, ko da wani abu da ya bar mata."

Na sami Habi a ɗakinta tana gurzar auduga, ɗanta na barci a bayanta. Na ce, "Ɗiyata, mai gidan naki ya taɓa aiko maki da takarda, ke da kanki?"

Ta ce, "Babu, Inna."

Ni ma na san irin wannan babun. Nawa mijin ya tafi gabas aikin hajji da ƙafa tun ina da goyo, daga Ƙanƙara, ya ce shekara uku. Ban sake jin ɗuriyarsa ba. In aka tambaye ni ko ina tuna shi, babu nake cewa. Saboda haka ban tashi ba. Na jawo auduga na taya ta cire gurya. Muka yi ta cira, muka yi ta cira, har inuwa ta juya.

Can ta miƙe, ta sauko da kwalla ta can ƙasan jere, ta buɗe. Ambulan ne a ciki, masu bakin ja da shuɗi, an jera su kamar zannuwan amarya. Ta ce in an gama karatun wasiƙa a zaure, Alhaji yakan yar da ambulan, sai Hajiya surukarta ta tsinto ta ajiye mata a bakin ƙofa, ta ce ga na hura wuta. Ba ta taɓa hura wuta da ko ɗaya ba.

Ta ce, "Ranar da zai tafi, abu ɗaya ya ce mani: ki riƙa duba cikin ambulan."

Ta buɗa bakin ɗaya ta nuna mani. Wallahi rubutu ne a jikin takardar ta ciki, ƙanana ƙanana, kamar sawun tururuwa. Na duba na biyu, haka. Na uku, haka.

Na ce, "Me ya ce a ciki?"

Ta ce, "Ban sani ba, Inna. Ya fara koya mani baƙi, sai tafiya ta zo. Kalmar farkon nan kawai na gane, sunana ne. Wa zan kai wa ya karanta mani? Da wane ido?"

Shekara uku, jama'a. Tana buɗewa ta dubi sunanta, ta mayar ta rufe.

Na gaya mata gaskiya, don aikinmu ba ya son ɓoye-ɓoye. Na ce abin da ake nema ke nan, amma in ta bayar, Muhuti zai karanta, Alƙali zai gani, baƙi a Kaduna za su gani. In ta hana, ba mai tilasta ta, sai dai tafiya ta tsaya. Ta rungume kwallar nan ta daɗe. Sannan ta ce, "To a fara karanta mani. Kada Bature ya riga ni ji."

Na fita na shaida wa Malam Muhuti. Ya roƙi Alhaji ya ba shi zaure shi kaɗai. Aka shimfiɗa mashi tabarma a bakin zana, ya juya mana baya, mu muna ciki. Ina miƙa mashi ambulan ta ƙarƙashin zana, yana farke gefe a hankali da wuƙar fiƙe alƙalami, yana karantawa da muryar nan tasa ta kotu, wadda ba ta hawa ba ta sauka.

"Habi, nan rana sai ta ga dama take fitowa. Na sayi bargo biyu, ɗaya naki ne."

"Habi, an ce kin sauka lafiya. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa, don kada a ga fuskata."

"Habi, yau na tuƙa tuwo, duk gudaji. Da kin gani da kin yi mani dariya."

Ta yi dariyar kuwa, hawaye na zuba. Har muka zo kan wani, muryar Muhuti ta tsaya, ya yi gyaran murya sau biyu.

"Habi, ban sani ba ko kina samun mai karanta maki. In babu, kada ki damu. Ki ajiye, ni zan karanta maki da bakina."

Ta miƙa hannu ta ƙarƙashin zana ta ce, "Baba, wannan a bar mani."

Ya ce, "Wanne? Ni ban ga komai ba." Ya turo mata shi.

Sauran muka kai Faskari. Kowanne da kan sarki da hatimin gidan waya mai nuna ranar da ya taso, ga sunanta a ciki da hannun mijinta. Aka juya su zuwa Turanci, Alƙali ya sa hannu, ya rubuta cewa a dawo wa mai su da kayanta. Ni na raka ta Kaduna. Kafin damina ta faɗi, biza ta fito.

Ban ƙara ganin Habi ba. Bayan shekara Alhaji ya zo kotu da hoto: ga Lawal, ga Habi, ga yaro a tsakiya, tsakaninsu kuwa jaki zai wuce da kaya. Alhaji ya ce, "Kun gani? Tarbiyya."

Abin da na koya ke nan, ku riƙe. In mace ta ce maku babu, kada ku rubuta babu ku tashi. Ku zauna. Mutanenmu ba sa ajiye abin da ya fi masu daraja a inda takarda ke nema.

Ni kuwa ranar da muka dawo daga Daudawa, na sauko da tawa kwallar ta ƙasa. Na san ba kome a ciki, ba a taɓa aiko mani da ko ambulan ba. Amma na buɗe, na duba.