Gwaggo ta yi wa ƙarfe addu'a

Jiya da la'asar ina bayan rumbu da wayar yayata, hawaye shaɓe-shaɓe, sai ga Gwaggo Asabe, yayar babanmu, ta iso daga Bakura.

Fim ɗin Japan nake kallo, na wani mutum-mutumin ƙarfe mai ceton mutane, su kuwa suna gudunsa. Iri biyu aka yi shi: a na katun, wato na zane, an kashe shi. Na koma na mutanen gaske ko zai tsira, nan ma suka tarwatsa shi.

Gwaggo ta aje ƙullinta. "Subhanallahi! Ɗiyata, wa ar rasu?"

Ni da ko gaisuwa kaina a ƙasa nake yi, ina zan iya bayani? Na ce, "Wani ne mai kirki."

Ta ɗaga hannu ta yi masa doguwar addu'a, ina ta amin. Sai ta nufi ɗakin Inna, wai su shirya zuwa gaisuwa. Inna kuwa dama ta rantse in ta sake kama ni da fim ɗin nan, ni da waya har abada.

Na riƙo mayafinta. "Gwaggo, na ƙarfe ne."

Na nuna mata. Ta kalla har inda ya faɗi yana kare wata jaririya da jikinsa.

"Shina da iyali?"

"A'a."

Ta share ido. "To ni ban janye addu'ata. Maido muna shi farko, kuma rage murya kar uwarki ta jiya."

Don Allah ku faɗa min, akwai wanda ya taɓa yi wa ƙarfe kuka? Gidanmu dai yanzu mu biyu ne.