Motar Oga a Inuwarmu

Bishiya ɗaya ce a gidan hayarmu na Nyanya, wani tsohon mangwaro a tsakar gida. Maƙwabcinmu na ɗakin gaba ma'aikacin gwamnati ne, Hausarsa ba ta nuna ba, kowa Oga yake ce masa. A gindin mangwaron yake kwanar da motarsa, da asuba ya fice gudun cunkoso, inuwa ta zama tamu mu mata. Nan nake gyaran alayyafo, nan nake yi wa yara kitso, nan muke shan hirarmu. Ni ba mai yawo ba ce, wannan inuwar ita ce Abujata.

Da fetur ya yi tsada, wata safiya na fito da tabarma na tarar da motar ba ta motsa ba. Washegari ma haka. Ashe Oga ya koma turereniyar bas a tasha. Maigidana ya ce ai yanzu titi ya yi sauƙi, motoci sun ragu. Na ce ina suka ragu, gida suka dawo suka zauna mana a ka.

Ɗakina ba silin, da azahar kamar tanda. Muka koma raɓewa jikin bango, rana na korar mu daga nan zuwa can. Da na gaji na sami mai motar.

"Oga, don Allah a matsar da ita bakin get, tunda ba ta zuwa ko'ina."

"Madam, kai ba ka san rana yana ɓata fenti ba?"

"Mu fa? Mu ba ta ɓata mu?"

"Ku mota ne?"

To, shi ke nan. Daga ranar na fara shanya kuɓewa a kan bonet, tsumman yara a kan madubi. Rannan ya dawo da wuri, gumi ya jiƙa masa riga sharkaf, ya gani.

"Wa ya sa wannan ƙazanta a motana?"

"Ni ce. Na ga ta rasa aiki ne, na samo mata."

Ya yi ta zazzaga Turanci, na rama da Hausa, har mai kula da gidan ya shigo. Da ya ji kowa, ya ce tsakar gida ta kowa ce, a fitar da mota. Matan gida har da guɗa.

Oga ya shiga, ya murza makulli. Shiru. Ya sake murzawa, ko tari ba ta yi ba. Batir ya mutu. Ya leƙo ta taga, murya ƙasa-ƙasa.

"Madam, a taimaka a tura."

Matan suka kalle ni. Na gyara zama a kan turmi na ce, "Wallahi ko yatsa. Yadda ka shigo da ita, haka za ka fitar."

Ba wadda ta tashi. Ya fito, ya kulle ƙofa a hankali, ya ce, "To, ya zauna." Mai kula da gida ya kaɗa kai ya yi gaba.

Tana nan har yau, tayoyi sun lotse. Ba ma gaisawa. Na jawo tabarmata jikin tayar baya, inda 'yar inuwa ta rage, kullum sai ya tsallake ƙafata zai shiga ɗakinsa, ni kuma ba na janyewa.