Yarjejeniyarmu da Mai Citta

A farkon shekarun dubu biyu ina ƙaramin malami a sashen injiniyan noma na jami'a a Samaru, sai aka sako mana sabuwar waƙa daga sama: kowane sashe ya nemo ɗan kasuwa su haɗa gwiwa. Mu muka samo wata mata 'yar kudancin Kaduna, mai ɗan kamfanin garin citta a Sabon Gari. Bukatarta ɗaya ce, injin busar da citta, don da damina kayanta fumfuna suke yi.

Ranar sa hannu an kafa rumfa, an raba lemo da cincin. Shugaban sashenmu, wani farfesa mai son makirfo, ya yi ta kiran ta "abokiyar ci gaba" har muryarsa ta dushe. Ita kuma ta zo da 'yan zumuntar matan cocinsu, suka yi mana waƙa.

Shekarar farko muka kafa kwamiti. Ta biyu kwamitin ya haifi ƙaramin kwamiti, aka naɗa ni sakatare. Duk zaman da za a yi ita ke aiko da abinci, don haka ba a taɓa rasa mahalarta ba. Sai yajin aiki ya zo, muka huta gajiyar da ba mu yi ba.

Wata rana mai cittar ta hau acaɓa ta same mu a ofis.

"Ranka ya daɗe, ina injina?"

Farfesa ya nuna mata zane a bango. "Madam, ai ga shi nan. Ƙerawa kawai ta rage."

"To a kan zanen zan shanya cittar?"

Ya yi dariya, ya tambaye ta ko ɗanta ya samu gurbin karatu. Bai samu ba. Ba a jima ba ya samu. Daga nan ba ta ƙara zancen inji ba.

Haka zumuncin ya kama hanyarsa. Muna tura mata ɗalibai koyon sanin makamar aiki, suna kankare citta kyauta. Ita kuma ta buga a ledar kayanta cewa masanan jami'a sun gwada sun amince, alhali iyakar gwajinmu a shayin safe ne. Kasuwa ta buɗe mata har ta yi gini a Dogarawa. Farfesa ya je Abuja ya ba da labarin nasararmu, aka ba shi kujera a wata hukuma.

Wanda ya gaje shi matashi ne mai zafin nama. Ya kira taro ya ce a soke yarjejeniyar, tunda ba ta haifi komai ba. Malamai muka tayar da jijiyar wuya, amma mai cittar, da ita ma aka gayyato, ta fi mu.

"Haba ɗana," ta ce masa, "aure mai zaman lafiya haka, wa ya aike ka?"

A wannan zaman aka sabunta yarjejeniyar.