Shekarar da Shamuwa Ta Makara

Shekara talatin da ɗaya Mai Famfo yana kula da injin ruwan unguwa, amma ba wanda ya taɓa jin ya yi taƙama da injin. Abin taƙamarsa bayan ƙofar ɗakin injin ne. Duk shekara, ranar da shamuwar farko ta sauka a fadamar da ke bayan katanga, sai ya zaro fensir daga kunne ya rubuta kwanan wata a jikin katakon. Bawan Allahn nan yakan nemi hularsa tana kansa, amma ranar shamuwa ba ta wuce shi.

Autarsa ce ta gaji haukar, in ji mutanen gida. Aikinta yanzu ta zuba wa kwamfuta bayanan ruwan sama, da zafi, da yadda gini ke cin fili, ita kuma ta yi hasashen inda tsuntsaye masu ƙaura za su sauka nan gaba. Da aka ce za a cike fadamar a gina rumbunan kaya, aka ba Auta mako biyu ta kawo hujjar hanawa. Ba ta da hujjar da ta wuce ƙofar babanta.

Da ta zuba kwanakin ƙofar a kwamfuta, duk shekarun suka zauna daidai da hasashen, ban da guda. A wannan, shamuwa ta makara kwana arba'in, alhali damina ta faɗi a kan lokaci.

"Baba, da layin nan kaɗai masu cikon za su ce duk ƙofar shirme ce," in ji ta. "Me ya faru a shekarar?"

Tsohon da bai taɓa amsa kuskure ba, ko na gishiri, ya daɗe yana goge hannu da tsumma. Kunya ta kama shi sosai.

"Ba ita ta makara ba, ni ne. Shekarar kika zo duniya, wata bakwai, 'yar mitsitsiya cikin kwalba a asibiti. Kwana arba'in ban ɗaga kai sama ba. Da na dawo na tarar har sun yi sheƙa. Na ji nauyin barin gurbin ba komai, sai na rubuta ranar da na dawo."

Auta ta cire shekarar daga kwamfuta, hasashen ya zauna daram, kuma da shi aka dakatar da cikon.

Washegari ya ɗauko tsumma ya jiƙa zai goge layin. Ta riƙe masa hannu.

"A'a, Baba. Wannan nawa ne, a bar min."