Yadda Muka Kusa Rufe Makarantarmu da Hannunmu

Na manta abubuwa da dama na shekarun da aka yi aikin madatsar ruwa ta Bakolori, wasu ma da gangan na bar su suka wuce. Amma maganar makarantar firamaren garinmu, wannan kam ina jin da ita za a binne ni.

Garin namu ƙarami ne, tsakanin Talata Mafara da Bakura, ba sai na faɗi sunansa ba. Lokacin ban daɗe da gama jami'a ba, na samu aiki a ɓangaren noma na ofishin aikin ruwa. Ya kamata in fara bayyana yadda zukata suke a wancan zamani, kada mai karatu ya ɗauka mutanenmu ba su da wayo. An zo an auna gonaki, an ƙirga ɗorawa da tsamiya, an ce a dakata da shuka, manyan motoci suka baje komai. Wasu sun samu gonakinsu daga baya, wasu aka nuna musu wani wuri da ba su sani ba. 'Yan'uwanmu na wajen Maradun kuwa ruwa ya ci garuruwansu. Ba zan shiga batun wa ya yi daidai ba, don ban san komai duka ba. Abin da na sani shi ne, duk wanda ya sauko daga mota da alƙalami a aljihu, da rabin baki ake amsa gaisuwarsa.

Cikin wannan hali hedimasta ya sanar da mai gari cewa za a rufe makaranta a ƙarshen shekara, a mai da yara makarantar wani gari da ke tsallaken babban kanal. Kanal ɗin nan magudanar siminti ce mai zurfi, gefenta santsi, hanyar tsallaka ta kusa kuma wata siririyar gada ce marar makari. Yayata tana da 'ya a aji ɗaya, yarinya mai son karatu ƙwarai. Mijin yayar tawa ya ce da ni ƙarara, “In sai ta ƙetare ruwan ga, to ta gama boko. Ban da ɗiyar da zan ba kanal.” Haka yawancin iyaye suka ce, wato rufe makarantar daidai yake da cire ƙananan yara daga karatu gaba ɗaya.

Sai zargi ya tashi. Wasu suka ce ɗan kwangila ne yake son ginin ya ajiye takin zamani. Wasu suka ce hedimasta ne ya kai ƙara don a mai da shi Mafara. Shi Kirista ne daga ƙasar Zuru, ya daɗe cikinmu, har matarsa ce ke yi wa mata ɗinkin sallah, amma a makon nan aka tuna baƙo ne. Ni ma, in faɗi gaskiya, na riƙa juya maganar a raina, ko da yake ban taɓa ganin abin zargi tare da shi ba. Ban kuma tsira daga zargin ba, saboda inda nake aiki. In na iso majalisa sai hira ta koma kan kifi.

Aka yi taron iyaye a ƙofar gidan mai gari bayan la'asar. Aka yanke a tafi ofishin ilimi a Mafara, ni ne mai magana tunda na iya Turanci. Ina cikin jin daɗin an yarda da ni, sai kawuna ya ce, “Amma da Hausa za ya yi ta, muna ji. Ɗan ga albashin mutanen ruwa shika ci.”

Aka yi dariya, shi kuwa bai yi ba. Na ce, “Haba Kawu, ni ne fa.”

Ya ce, “Awo, kai ne. Shi ya sa zan zamna kusa da kai.”

Muka tafi a bayan akori-kura, dattawa da samarin iyaye. Jami'in da ya karɓe mu mutum ne mai sanyin magana. Aka daɗe ana gaisawa, aka tambayi gida da aiki da gajiya, sannan na miƙe na yi bayanin kanal da ƙananan yara, ina ta sa “wataƙila” da “in ban yi kuskure ba”, Kawu yana taka mini ƙafa. Jami'in ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, “To amma waɗanne yara? Da damina na aiko mutum biyu su ƙirga yaran da suka isa shiga makaranta. Gida-gida suka bi. Suka dawo suka ce garinku kusan duk tsofaffi ne da jarirai. Na aika a duba ajujuwa da rani, aka tarar da benci ya fi yara yawa.”

Na ga dattawa suna satar kallon juna. A hankali mijin yayata ya ce, “Ranka shi daɗe, waɗanda sunka zo cikin farar mota?”

“Su ne. Aron motar muka yi a wurin mutanen ruwa, tamu ta lalace.”

A nan na gane abin da ya faru, don ranar ina wurin aiki, labari kawai na ji. An ga farar mota da tambarin aikin ruwa, an ga mutum biyu da alƙalami suna tambayar yawan yara. Kafin su gama gaisawa da mai gari, mata sun cusa yara cikin rumbuna, wasu an tura su fadama ta bayan gida. Dama can a wurinmu ba a faɗin yawan 'ya'ya, ana gudun baki. In ka tambayi mutum sai ya ce alhamdu lillahi, su ɗan taɓa. Sai ga wannan ya haɗu da tsoron cewa duk abin da aka ƙirga ɗauke shi ake yi. Hedimasta ya bi gida-gida ranar yana cewa na makaranta ne, ba wanda ya yarda. Ajujuwan rani kuwa, tun da aka fara alkama da shinkafa da ruwan kanal, yara ne masu korar tsuntsayen jan-baki daga safe zuwa rana.

Kawu ya gyara murya ya ce, “To ranka shi daɗe, ɗiya kam akwai su. Ka sa rana ka zo ka gani.”

Jami'in ya yi murmushi ya ce, “Baba, in na sa rana, yaran Bakura da na Ruwan Gizo za ku aro mini. An taɓa yi mini haka. Zan zo, amma ba zan faɗi yaushe ba.”

Dattawa suka ji zafin maganar, wai su za a zarga. A mota ana ta ƙorafi, wani ya ce dabara ce a sa mu fito da yaran a san yawansu, wani ya ce ba zai zo ba sam, so yake alkama ta lalace a ce ba mu iya noman ruwa ba. Aka tambaye ni ra'ayina. Na ce ban ga alamar ƙarya tare da shi ba, amma ba zan iya rantsuwa ba. Kawu ya ce, “Kai ko sunanka anka tambaye ka, sai ka ce wataƙila.”

Duk da haka, da aka sake zama, ba a samu wata hanya ba. Tunda ba a san ranar ba, dole kowane yaro ya kasance a aji kullum. Tsuntsaye kuwa ba sa jira. Aka ce to a yi gayya, iyaye maza su karɓi korar tsuntsu, unguwa-unguwa, har ranar da Allah ya kawo shi. Har yau ina ganin dattawa masu furfura a tsaye kan kunya, suna jan igiyar da aka ɗaura wa gwangwanaye, suna ihu. Kawu ya ɗauki majaujawa, rabonsa da ita tun yana yaro, dutsen farko ya samu hular mai gari. Mata masu kawo fura suna yi musu tsiya, “Malam, ƙara murya, tsuntsun ga ya ɗauka wa'azi kake mishi!” Ni ma nakan yi nawa rabon kafin in tafi aiki, hedimasta kuma ya karɓi na ranar Asabar ba tare da an roƙe shi ba. Ko a nan sai da wani ya ce leƙen asiri ya zo yi.

Makonni suka wuce, ba jami'i. Tsuntsaye sun yi mana ɓarna, don tsoho ba ya gudu kamar yaro. Wasu suka fara cewa a mai da yaran gona. Na shiga damuwa sosai, ina tunanin in bai zo ba, ni za a ce na haɗa baki da shi, kuma ban da abin da zan kare kaina da shi.

Sai ga shi wata Talata, ranar kasuwar Mafara, ranar da ya fi tsammanin ya tarar da gari ba kowa. A babur ya zo, shi kaɗai. Ba na nan, yayata ce ta ba ni labari, don mata sun fito sun kewaye makarantar. Ya tarar da yara har bakin ƙofa, wasu a ƙasa, wasu a gindin taga. Ya ɗaga yatsa zai fara ƙirga, sai wata tsohuwa ta ce ta taga, “Kai ɗan nan, aje yatsan ga! Ka gan su da ido, bai ishe ka ba?” Ya sauke hannu ya ce, “To Inna. Masha Allahu, Allah ya raya su.” Ya kira wasu yara ya tambaye su sunan mai unguwarsu da na limaminsu, don har lokacin bai gama yarda cewa namu ne ba. Ina kyautata zaton ya ƙirga su a zuci, amma ba wanda ya gan shi.

Ba a rufe makarantar ba. Manyan ajujuwa biyu dai an mai da su tsallake, ƙananan aka bar mana, 'yar yayata ta ci gaba da karatu. Ba wanda ya je ya ba hedimasta haƙuri da baki, amma da aka yanke alkama, ƙofar gidansa ta cika da ƙorai na alkama. Akwai kuma waɗanda har suka rasu suna cewa lalle an so ginin, gayyarmu ce ta hana. Ban iya ƙaryata su ba, ban kuma ga shaida ba.

Abin da na koya shi ne, mutanen da aka taɓa cuta suna da dalilin yin zargi, ba na ganin laifinsu. Amma zargin da bai kai mutum ga tashi ya je ya yi tambaya ba, kansa yake komowa. Mun ɓoye 'ya'yanmu don kada a raba mu da wani abu, sai aka rubuta ba mu da su, kuma saura kaɗan a ɗauke musu makaranta saboda haka. Tun daga nan, in baƙo ya zo da wata magana, ko zuciyata ba ta kwanta da shi ba, nakan fara ba shi tabarma in tambaye shi me ya kawo shi.