Wuraren da Buroshi Ya Tsallake

Shekara talatin da ɗaya Baba Sannu ya yi yana tuƙa wata 'yar tarakta a lambun da ake rainon dashen itatuwa, can bayan gari. A nan ya samo sunan. Taraktar ba ta wuce ƙugun mutum ba, gudunta kuwa, tsohuwa mai sanda in ta sa himma sai ta bar ta a baya. Idan ma'aikata suka ce, "Direba, taka ta mana!" sai ya ce, "Sannu dai, ina za mu?" Har ya bar aiki bai taɓa karya dashe ko ɗaya ba, kuma ba ya gajiya da faɗa wa mutane haka, ko sun tambaya ko ba su tambaya ba.

Bayan an rufe lambun da 'yan shekaru ya bi ta wurin, ya tarar da taraktar yashe a gindin bishiya, tayoyi sun sace, kaza ta yi ƙwai a kan kujera. Mai gadi ya ce masu wurin neman wanda zai kwashe ta suke yi. Kwana tara yana kwance ta yana turo ta gida a baro, ya jibge ta a rumfar bayan kicin, daidai inda matarsa take shanya.

"Malam," in ji ta, "maza na shigo wa iyalinsu da nama, kai gawa ka kawo mini?"

"Ba gawa ba ce. Suma ta yi."

"To Allah ya farfaɗo da ita. Ni dai a bar mini igiyata."

Akwai abin da bai gaya mata ba, bai kuma gaya wa kowa ba. Idanunsa sun fara tafiya. Da farko kamar hayaƙi ne a gefe, daga baya fuskar mutum ma sai ya matso yake rabe ta. Ba makantar ce ta fi ba shi tsoro ba. 'Yarsu ta fari, wadda kowa ke kira Sista saboda aikin jinya, ta riga ta yanke hukunci: ranar da ta ga ƙarfinsa ko ganinsa ya ja baya, za ta kwashe su su koma wurinta. Gidan nata a hawa na uku yake, babu ƙasa ko ta cika tafin hannu. Ya taɓa kwana uku a can, yana zaune a baranda yana kallon rufin motoci, ya dawo kamar wanda aka sako daga kurkuku. Shi burinsa ya tada taraktar nan ya ja kunyoyi a ɗan filin bayan gidansa, kowa ya gani da idonsa cewa da sauransa.

Gyaran inji bai ba shi wuya ba, don wannan aikin hannu ne. Noti kowane iri yatsunsa sun san shi, sifana kuwa da nauyinta yake gane lambarta. Ya jera gwangwanaye a kan benci, kowanne da abin da ke ciki, wanda ya kuskura ya gusa ɗaya ya shiga uku. Wata bakwai yana fama, ya wanke, ya goge, ya sauya filogi da baƙin mai. Ranar da ta yi tari ta tashi, hayaƙi ya turnuƙe shanyar gidan kaf, matar ta fito za ta yi faɗa, ta same shi ya dafa sitiyari yana hawaye. Sai ta juya ta koma ciki.

Saura fenti, shi kuwa fenti ido yake so. Ya kankare tsatsa da samfefa yana shafawa da tafin hannu har ƙarfen ya yi sumul. Ya shafa jan fentin nan da ake fara sawa don hana tsatsa. Da ya zo kan kore, launinta na asali, sai ya ga ta kwaɓe: a inuwar rumfa jan da koren duk duhu ɗaya suke a idonsa. Ya rasa inda ya shafa da inda ya tsallake. Sai ya koma auna wuri da taƙi, yana jan buroshi daga gaba zuwa baya, hanya ɗaya, yadda tsohon direban da ya koya masa aiki ya hore shi. A wurinsa mai gitta buroshi bai san darajar ƙarfe ba.

Da safe yake shafawa, bayan abincin rana ya ɗan kwanta. Abin da ya dame shi, in ya tashi la'asar sai ya ji fentin har yanzu da danshi, gwangwanin kuma yana ƙarewa da wuri. Ya ɗauki hularsa ya tafi shagon mai fenti ya yi masa tatas, wai kayan zamani duk ruwa ne. Bawan Allah ya rantse har ya gaji, Baba Sannu ya ce rantsuwa ba ta busar da fenti.

Ranar da ya gama ya aika wa Sista ta zo ta gani. Ta zo da jakarta a kafaɗa, ta zagaya taraktar sau biyu da irin kallon da take yi wa majinyaci, har da durƙusawa ta leƙa ƙasa. Shi kuwa ya sha mur yana wasa da tsumma.

"Baba," in ji ta, "ko ɗigon ja babu. Wanda ya yi wannan aiki idonsa ras yake. Ni da nake ta zarginka!"

"Ai ku yaran yanzu kun fi likita sanin ciwo."

Ta yi dariya ta shiga ciki. Farin ciki ya cika shi. Ya kai hannu yana shafa murfin injin kamar mai lallashin doki, sai yatsunsa suka tsaya. A gefen murfin akwai wani wuri mai faɗin tafin hannu inda sawun buroshi ya gitta, gajere-gajere, irin na mai sauri. Ya matsa gaba, ga wani. Bayan kujera, ga wani. Ya ƙirga goma sha ɗaya ya daina. Kunya ta rufe shi, ya nemi benci ya zauna.

Matar ta fito da kofin ruwa. Maimakon ya karɓi kofin sai ya kama hannunta ya kai hanci. Kananzir, wanda ake wanke fenti da shi.

"Tun yaushe?" ya ce.

"Tun yaushe me?"

"Kar ki mai da ni yaro."

Ta ajiye kofin ta zauna a gefensa. "Tun ranar da ka gaida rigarka a kan igiya, ka ce mata sannu da zuwa. Wata biyar ke nan."

"Shi ne kika yi shiru?"

"Kai ma ai shirun ka yi. Na ce in ka tashi faɗa za ka faɗa. Amma in bar ka ka nuna wa yarinya abu dabbare-dabbare kamar akuya? Da raina?" Ta gyara zama. "Kuma ni ma ba son benen nan nake ba, in ka ji ana faɗa."

Ya ci nasara, Sista ta yarda, ba wanda zai tashe shi daga gidansa. Sai dai nasarar ba tasa ba ce, kuma ya san gobe ma wannan tsohuwar ce za ta riƙa bin bayansa a ɓoye tana toshe inda ya tsallake.

"Kira mini ita," ya ce.

Da Sista ta fito ya gaya mata komai, bai rage ba. Ta yi faɗa, ta yi kuka, ta buɗe masa ido da yatsa ta duba, ta ce ga alama yanar ido ce, ranar Litinin za su ga likita. Maganar ƙaura kuwa sai abin da likitan ya ce, ba ta yi alkawarin komai ba.

"Na ji," in ji shi. "Amma kunya ɗaya zan ja yau."

"Baba, da wane idon?"

Kafin ya amsa, matar ta miƙe ta ɗaure zane, ta taka har bakin filin ta tsaya. "Tada ta, Malam. Ni zan shige gaba, ka bi muryata."

Ya hau, inji ya kama. Ta fara tafiya da baya tana ba shi labarin rigimar maƙwabta, wanda ya hana ta ƙarasawa tun makon jiya. Shekara arba'in yana ce mata surutunta ya yi yawa. Garma ta nutse a ƙasa, ƙarar inji ta ƙaru, ya miƙa wuya gaba.

"Ɗaga murya," ya ce, "ba na jin ki sosai."