Ranin da Shayina Ya Yi Zartsi

Ko tsufa ya kwashe mini komai, ba na jin zan manta abin da ya same ni a ranin da ya biyo bayan samun 'yancin kai. Lokacin ina sayar da shayi a bakin tashar Birnin Kebbi, inda motocin Argungu ke lodi. Mutane na cewa hannuna ke da albarka, ni kuwa na san gaskiyar magana. Wata tsohuwar rijiya ce a gangaren fadama, ruwanta garai-garai, ko ba sukari sai ka ji daɗinsa.

A da, gero ake nomawa a gonakin da ke kewaye da ita. Da an yi girbi sai a bar ƙasa ta huta har damina. Amma a wancan lokacin albasa ta yi daraja, labari ya zo daga Augie cewa masu lambu har kekuna suke saye. Kawuna ne ya fara, ya haƙa 'yar rijiya ya kafa jigo, sandar nan mai guga da ake jan ruwa da ita. Kafin ka ce kwabo fadama ta cika da masu lambu, ana ɗibar ruwa safe da yamma, ga taki jibge ko'ina.

Na fara lura igiyata ba ta kaiwa. Na ƙara mata tsawo, na sake ƙarawa. Sai ruwan ya fara fitowa da duhu-duhu, ɗanɗanonsa ya sauya. Na riƙa cika citta da kanumfari don su rufa mini asiri, domin da teburin shayin nan nake ciyar da gidana.

Wata ranar kasuwa asirin ya tonu. Benci ya cika, har da kawu da abokan lambunsa da suka kawo albasa lodi. Akwai wani ma'aikacin gidan waya, Kirista daga ƙasar Filato, wanda ba ya fashin shayina. Ya kurɓa, ya yamutsa fuska, ya ce cikin ladabi, "Mai shayi, yau miya ka dafa mana?"

Aka tuntsire da dariya. Kawu ya kurɓi nasa, ya furzar. "Kai yaro, mi kas sa cikin abin ga? Kanwa?"

"Wallahi Kawu ban sa komai ba. Ruwan rijiyar ne ya koma zartsi."

"Wace rijiya?"

"Wadda ke bayan lambunka."

Can sai wani dattijo cikinsu ya ce uwargidansa ta daɗe tana kukan wake ba ya nuna, sabulu ba ya kumfa, shi kuwa ya ɗauka mita ce kawai. Wani ya ce ya ga farin gishiri na fitowa a bakin fangalinsa, kwamin da yake shuka albasa. Kowa ya shiga faɗin nasa. Kawu ya dubi kofinsa ya ce, "Ashe mu munka shanye na bisa, munka bar ma yaro na ƙasa." Ya runtse ido ya shanye sauran, wai hukuncinsa ke nan. Har yau in na tuna fuskarsa sai na yi dariya ni kaɗai.

A bencin nan suka yanke shawara. Suka yi gayya suka jawo ruwa daga reshen gulbi zuwa lambuna, suka janye taki nesa da rijiya, gonakin da ke jikinta kuma aka mayar musu da gero. Kawu ya ara mini jakinsa ina ɗauko ruwa daga wata unguwa. Sai da damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, kafin rijiyar ta dawo daidai.

Tun daga nan na gane cewa gona tana da iyaka, amma ruwan da ke ƙarƙashinta na kowa ne. Duk abin da ka sauya a gonarka, akwai maƙwabcin da zai ji shi a bakinsa, don haka kafin ka sauya, ka tambaye shi.